KASHIN KAJI DA RUWAN TARWAƊA: YADDA ZA KA MAYAR DA SU LAMBU A GIDANKA



Yau za mu ɗan fita daga ɗakin kaji mu leƙa bayan gida. Duk mai kiwon kaji ko tarwaɗa yana fitar da abu biyu da masu lambu suke saye da kuɗinsu: taki da ruwa. Amma sai ka ga mutum ya zubar da kashin kaji a bola, ya saki ruwan tanki a kwata har maƙwabta su kai ƙararsa wurin mai unguwa saboda wari, kuma gari na wayewa ya zaro kuɗin tumatir da alayyahu. A lissafin da muka koya a kasuwancin noma, kuɗin da ka hana fita shi ma riba ne. To ga yadda nake ba da shawarar a yi.

WURI

Nemi inda rana take samu aƙalla awa 6 a yini. Ka yi fangali mai faɗin mita ɗaya, yadda hannunka zai kai tsakiya ba sai ka taka ƙasar ba. In tsakar gidanka siminti ne, buhunan abincin kaji na kilo 25 da ka tara sun isa. Huda ƙasansu, ka cika da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Sannan ka kewaye da raga, don kaza ɗaya ta isa ta tone maka aikin wata guda kafin azahar.

TAKI: A NAN AKA FI YIN ƁARNA

Kashin kaji ya fi na shanu ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗanyensa yana ƙona saiwa, ka ga shuka ta yi yaushi kamar an watsa mata ruwan zafi. Na biyu, yana iya ɗaukar ƙwayoyin cuta irin su salmonela, ga shi latas da tumatir ɗanye ake ci. Shi ya sa dokar noman gargajiya ta Amurka ta ce in an zuba ɗanyen taki, sai an jira kwana 120 kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa.

Mafita ita ce ka ruɓar da shi. Tara kashin tare da dusar katako ko buntun shinkafar da ka shimfiɗa wa kajin, ka ƙara busasshen ganye. Yayyafa ruwa ya jiƙe, amma in ka matse a hannu kada ya ɗiga. Rufe da tsohon buhu, ka riƙa juyawa duk mako. Kwanakin farko cikinsa zai ɗau zafi sosai, wannan zafin ne ke kashe cuta da irin ciyawa. Bayan wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya huce, warin ya koma ƙamshin ƙasar damina. To ya nuna.

Gargaɗi ga masu kaji: kada ka sayo kashi daga wata gona ka jibge kusa da ɗakin kajinka. Murar tsuntsaye tana bin kashi. Naka ya ishe ka.

RUWAN KIFI

Ruwan nan mai kore-kore da kake canzawa duk kwana biyu ko uku, taki ne narkakke: kashin kifi da ragowar abinci. Ja tiyo daga tanki zuwa fangali, ko ka tara a duro. Amma ka kiyaye abu uku:

1. A gindin shuka ake zubawa, ba a kan ganye ba, musamman ganyen da za a ci ɗanye.
2. Ranar da ka sa wa kifi gishiri ko magani, wannan ruwan ba na lambu ba ne. Gishiri yana taruwa a ƙasa ya kashe ta.
3. In ruwan ya yi kauri da wari, sirka shi da ruwa mai kyau rabi da rabi.

Ban ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya. Ka tura yatsa cikin ƙasa, in da laima ka ƙyale. Yawan ruwa ya fi ƙishi saurin kashe tumatir da tattasai. Ka lulluɓe gindin shuka da busasshiyar ciyawa don laima ta daɗe.

ME ZA A SHUKA, KUMA YAUSHE?

Sabon shiga ya fara da alayyahu, cikin wata guda ya fara yanka. Kuɓewa kamar wata biyu. Rama, yakuwa da lalo ba su da wahala, kuma suna son damina. Tumatir, latas, kabeji da karas kuwa 'yan hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. In zafin Maris da Afrilu ya shigo, furen tumatir zubewa yake yi. Tumatir sai an yi renonsa mako 3 zuwa 4 kafin dashe, a dasa da yamma, a bar tazarar kamar santimita 50.

Wani abu kuma: in taki da ruwan kifi suka yi wa tumatir yawa, zai yi ta ganye babu 'ya'ya. Da ya fara fure, rage masa. Alayyahu da zogale ne ba sa ƙoshi.

ƘWARI

Duk safiya ka ɗaga ganye ka duba ƙarƙashinsa. Masu tumatir ba za su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar tuta absoluta ta share gonaki a Kano da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Alamarta farin tabo a ganye, tsutsar tana ciki. Tsinke ganyen ka ƙona.

Don farin ƙuda da ƙananan tsutsotsi, daka 'ya'yan darbejiya giram 50, jiƙa a ruwa lita ɗaya ya kwana, tace, ɗiga ɗan ruwan sabulu, ka fesa da yamma duk mako. Kuma kada ka maimaita tumatir, attaruhu ko gauta a fangali ɗaya, danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya. Bayan tumatir sa wake ko albasa.

Ragowar ganyen zogale da alayyahu kuma ka watsa wa masu ƙwai, za ka ga yadda gwaiduwa take ƙara launi.

Kada ka ɗauko da yawa. Fara da buhu goma ko fangali biyu, ka rubuta abin da ya ragu a cefanenka na wata. In za ka ci tumatirin hunturu, tun watan Agusta ko Satumba za ka tara takinka.

Allah ya sa albarka a kiwo da noma.