Reyner Banham: Masanin da ya siffanta wayarka shekaru 42 kafin fitowar iPhone

A shekarar 1965, lokacin da wayar tarho take ɗaure da igiya a kan tebur, kwamfuta kuwa sai an ware mata ɗaki guda, wani ɗan Ingila mai suna Reyner Banham ya rubuta maƙala a mujallar Industrial Design ta ƙasar Amurka. Sunan maƙalar The Great Gizmo. A cikinta ya siffanta wata irin na'ura: ƙarama ce, aikinta ya ninka girmanta da farashinta, ba ta buƙatar dogon koyo, kuma tana sauya wa mai ita halin da ya tsinci kansa zuwa wanda ya fi masa daɗi. Duk wanda ya karanta wannan bayani a yau, wayar da ke hannunsa zai kalla.

Banham bai ga irin wayoyinmu ba. Ya rasu a 1988, shekaru 19 kafin kamfanin Apple ya fito da iPhone ta farko a 2007. Wayar hannun da ake ji da ita a zamaninsa ita ce Motorola DynaTAC, mai kama da bulo, wadda kuɗinta ya kusa dala 4,000. Shi kuma ba maƙerin waya ba ne. Masanin tarihin gine-gine ne da ƙirar kayayyaki, wato mai binciken dalilin da ya sa abubuwan da muke amfani da su suke da siffar da suke da ita. Abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne ya ɗauki ƙananan kayan masarufi da muhimmanci, a lokacin da malaman jami'a suke ganin rubutu a kansu zubar da girma ne.

Daga masana'antar jirgin sama zuwa aji

An haifi Peter Reyner Banham a birnin Norwich da ke gabashin Ingila ranar 2 ga Maris, 1922. Bai fara da karatun fasahar zane ba. Aikin injiniya ya koya, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu yana aiki ne a kamfanin ƙera jiragen sama na Bristol. Can ya saba da sukurdireba da sifana, ya san yadda inji yake daga ciki.

Bayan yaƙi ya koma garinsu, ya fara rubuta sharhi kan zane-zane a jaridu. A 1949 ya shiga cibiyar Courtauld da ke Landan, inda ake koyar da tarihin fasaha, a 1952 kuma ya kama aiki da mujallar Architectural Review. Digirinsa na uku ya yi shi ne a hannun Nikolaus Pevsner, Bajamushen da ya zauna a Ingila, wanda littafinsa na 1936 a kan magabatan ƙirar zamani shi ne abin da kowa yake karantawa a fagen.

Ɗalibin bai bi sahun malaminsa ba. A 1960 Banham ya mayar da binciken digirinsa littafi mai suna Theory and Design in the First Machine Age. Hujjarsa ita ce, manyan masu zanen gine-gine na Turai irin su Le Corbusier da malaman makarantar Bauhaus ta Jamus sun yi ta kirarin cewa gininsu na zamanin inji ne, alhali kamannin inji kawai suka ara: farin bango, miƙaƙƙun layuka, rufi shafe. Yadda inji yake aiki, da yadda yake sauyawa kullum ba tsayawa, wannan sun bar shi a baya. Mutumin da ya yi shekaru hannunsa cikin baƙin mai ya san bambancin abin da ya yi kama da inji da abin da yake inji. Saboda haka ya ɗaga darajar waɗanda aka yi watsi da su, kamar masu aƙidar Futurism na Italiya da kuma Ba'amurken nan Buckminster Fuller, wanda ya zana gidan da za a ƙera a masana'anta kamar yadda ake ƙera mota.

A gabatarwar littafin ya ce duniya ta shiga zamanin inji na biyu. A na farko, mota da tarho suna hannun masu hali ne. A na biyu, talabijin da rediyo da kayan lantarki sun shiga gidan kowa. Wannan zamani na biyu shi ya ci gaba da bibiya har ƙarshen rayuwarsa.

Kayan da aka yi domin a sauya su

A farkon shekarun 1950 Banham yana cikin wasu matasa da suke haɗuwa a cibiyar fasahar zamani ta ICA a Landan, waɗanda aka sani da Independent Group. Cikinsu akwai masu zane Richard Hamilton da Eduardo Paolozzi, da mai sharhi Lawrence Alloway, da ma'auratan nan masu zanen gini Alison da Peter Smithson. Ingila a lokacin tana fama da ƙuncin bayan yaƙi, su kuwa abin da ya ɗauke musu hankali shi ne tallace-tallacen mujallun Amurka, da finafinai, da manyan motocin Detroit masu ƙyalli da fukafukai a baya.

Hukumomin da ke kula da ingancin ƙira a Birtaniya suna kallon irin waɗannan motoci a matsayin shirme. A wurinsu kyakkyawar ƙira ita ce marar kwalliya, wadda ba ta tsufa. Banham ya ce wannan ma'auni na gini ne da ake so ya yi shekara ɗari. Mota kuwa an yi ta ne a yi 'yan shekaru da ita a sauya, don haka dole a auna ta da abin da take faɗa wa mai sayenta a lokacinta: gudu, ƙarfi, isa. Har ya kwatanta injin Bugatti, wanda aka goge kamar kayan ado, da injin Buick V8 na kasuwa, bai kuma yarda cewa na biyun ya gaza ba.

Wanda ya san yadda ake fito da sabuwar waya duk shekara, a ƙara mata idon kyamara, a sauya launin bayanta, zai gane abin da Banham yake nufi. Shi ne cikin na farko da suka ce wannan sauye-sauye abin nazari ne, domin a nan ake karanta burin mutane. A rubuce-rubucensa na mujallun New Statesman da New Society ya taɓo abubuwan da ba wanda ya zaci farfesa zai kula da su: soyayyen dankalin leda, fentin motocin masu sayar da askirim, da keken Moulton mai ƙananan tayoyi da shi kansa yake hawa a titunan Landan.

Abin da ya kira gizmo

Kalmar gizmo a bakin Amurkawa tana nufin wata 'yar na'ura mai wayo. Banham ya ɗauke ta ya gina tarihi a kanta. Ya ce Turawan Turai idan matsala ta taso sukan yi babban aiki na dindindin, Amurkawa kuwa, da suka bazu a ƙasa mai faɗi inda babu hanyoyi babu ƙwararru, sun saba da neman ƙaramin abin da za a yi odarsa daga kundin tallan kamfani, a kawo shi, a kunna, ya yi maganin matsalar nan take.

Babban misalinsa shi ne injin da ake maƙala wa kwale-kwale a baya, irin wanda Ole Evinrude ya shahara da shi a farkon ƙarni na 20. Sanya wa jirgin ruwa inji na ciki yana buƙatar ƙwararre da wurin aiki. Wannan kuwa kowa zai iya ɗaure shi, kuma duk kwale-kwalen da ya samu ya zama jirgi mai inji. Rediyon aljihu mai aiki da batir da kyamarar Polaroid mai wanke hotonta da kanta duk 'yan wannan gida ne.

Wayar salula ta cika kusan duk sharuɗɗan nan, ta ma haɗiye sauran na'urorin: rediyo, kyamara, tocila, agogo, taswira, har da banki. Sai dai akwai sharaɗi ɗaya da ta faɗi. Banham ya ce gizmo na gaske ba ya dogara da wani babban tsari a bayansa, in ban da hanyar da za a kawo wa mutum shi. Waya kuwa idan babu turakun sabis, babu wutar caji, babu manyan rumbunan kwamfuta da manhajoji suke dogara da su, ta zama madubi mai tsada. Wanda ya taɓa yawo neman wurin caji ko ya hau tudu neman sabis ya san haka. Idan aka bi ma'aunin Banham sau da ƙafa, 'yar fitilar sola da ke cajin waya ta fi wayar kanta cancantar sunan.

Bututu, sanyi da titi

A wannan shekara ta 1965 ya rubuta wata maƙalar, A Home Is Not a House, tare da zane-zanen François Dallegret. Tambayar da ya yi ita ce, idan gida ya cika da wayoyin lantarki da bututu da na'urori har su ne suke yin ainihin aikin, mene ne amfanin bangon? A 1969 ya faɗaɗa tunanin zuwa littafin The Architecture of the Well-tempered Environment, tarihin fitilar lantarki da na'urar ɗumama ɗaki da ta sanyaya shi, inda injiniyoyi irin su Willis Carrier, uban na'urar sanyaya ɗaki, suka samu gurbin da littattafan tarihin gini suka hana su.

A lokacin yana koyarwa a makarantar Bartlett ta University College London, inda ya fara a 1964. Amma zuciyarsa tana Amurka. Birnin Los Angeles, wanda masana na lokacin suke yi wa kallon tarin tituna marar fasali, shi ya zaɓa ya rubuta wa littafi a 1971. Domin ya fahimci garin sai da ya koyi tuƙin mota, saboda a ganinsa garin da aka gina domin mota ba a karanta shi da ƙafa. A 1972 gidan talabijin na BBC ya yi fim da shi yana zagaya garin a mota.

A 1976 ya koma Amurka da zama, ya koyar a jami'ar jihar New York da ke Buffalo, a 1980 kuma ya wuce jami'ar California da ke Santa Cruz. Littafinsa na 1986, A Concrete Atlantis, ya bi sawun manyan rumbunan hatsi na kankare da masana'antun Amurka waɗanda masu zanen Turai suka kwaikwaya. Abin da ya nuna shi ne yawancinsu a hoto suka ga gine-ginen, ba su taɓa tsayawa a gabansu ba, don haka siffar suka kwashe suka bar dalilinta. An naɗa shi farfesa a jami'ar New York, amma ciwon daji bai bar shi ya fara aikin ba. Ya rasu a Landan ranar 19 ga Maris, 1988, yana da shekaru 66.

Inda lissafinsa bai kai ba

Banham ya yi rubutunsa mafi zafi ne a shekarun da mai yake da arha kuma ake ganin albarkatun ƙasa ba za su ƙare ba. Rikicin man fetur na 1973 ya sa mutane suka fara tuhumar ginin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyi. Batun amfani da kaya a jefar kuwa, yau ga sakamakonsa a fili. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan sharar lantarki ya nuna cewa a 2022 duniya ta tara tan miliyan 62 na irin wannan shara, kuma abin da aka tattara aka sake sarrafawa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Shi ya sa iskar ta fara juyawa. Tarayyar Turai ta wajabta ramin caji na USB-C ga wayoyin da ake sayarwa a ƙasashenta daga ƙarshen 2024, Apple kuma ya riga ya sauya tun iPhone 15 a 2023. Google da Samsung sun yi alƙawarin sabunta manhajar manyan wayoyinsu har shekaru bakwai. Masu gyaran waya a kasuwanni irin Farm Centre ta Kano, waɗanda suke sauya gilashi da batir su tsawaita ran waya, suna toshe giɓin da Banham bai hango ba.

Duk da haka hanyar da ya buɗe ba ta toshe ba. An kafa ƙungiyar masana tarihin ƙira ta Birtaniya a 1977, a 1981 kuma Penny Sparke ta tattara maƙalolinsa a littafin Design by Choice. Yau bincike a kan waya ko manhaja abu ne da aka saba da shi a jami'o'i.

Ga mai sayen waya, gadon Banham tambayoyi ne masu sauƙi. Idanun kyamara huɗu da ke bayan wayar, nawa ne suke aiki, nawa ne ado? Siririn jikin da aka nuna a talla, da girman batir aka biya kuɗinsa? Idan gilashin ya fashe, akwai nasa a kasuwa? Kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da Itel, ya mamaye kasuwar Afirka ne da amsa irin waɗannan tambayoyi: gurbin layi fiye da ɗaya, batir mai daɗewa, da kyamarar da aka daidaita da baƙar fata. Wayar da ta dace da kai ita ce wadda ta san irin wutar da kake samu, da irin sabis ɗin unguwarku, da nauyin aljihunka. Wannan kuwa ba a gane shi daga hoton talla, sai an juya bayan kwalin an karanta.