Injin Jirgin Ruwa: Maganganun Bakin Mashigi, Wanne Ne Gaskiya, Wanne Ne Ƙarya?

Daga Yawuri zuwa Shiroro, daga Ibi zuwa Baga, duk inda ake ɗaura inji a bayan kwale-kwale akwai maganganun da direbobi suke gado baki da baki. Ba dukansu ne ƙarya ba. Illar dai ita ce a cakuɗe suke, kuma sau da yawa ba a gane na zubarwa sai inji ya mutu a tsakiyar ruwa da mutane a ciki.

Ɓarnar da ta fi yawa a wajen mai take. Injinan da suka fi yawa a kogunanmu, irin su Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15, 25 ko 40, ba su da wurin zuba baƙin mai daban, da fetur ake haɗa shi. To sai ka ji ana cewa mai ai mai ne, ko na mota aka samu a zuba. Wannan ƙarya ce. Man mota ba don a ƙona shi aka yi shi ba; idan ya ƙone yana barin toka da ke toshe fulogi, ta maƙale zoben fistin. Wanda ya dace shi ne mai alamar TC-W3 a jikin gwangwani. Ma'aunin da aka saba da shi a waɗannan injinan kashi 1 ne cikin 50, wato rabin lita a jarkar fetur mai lita 25, sabon inji kuwa lita ɗaya cif a awanni 10 na farko. Masu cewa yawan mai shi ne ƙarin lafiya su ma sun yi kuskure, hayaƙi da baƙin fulogi kawai za su samu. Amma gara su sau dubu da masu ragewa. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 aljihu ya yi zafi, tsuke hannu wajen mai ya zama jaraba, alhali wanda ya wuce ma'auni fulogi zai saya, wanda ya gaza kuwa fistin da silinda zai nema.

Akwai wata da makanikai da kansu suke yaɗawa: wai a cire tamostat, domin don ƙasashen sanyi aka sa shi. A kunne tana da daɗi. Sai dai ruwan kogi ne yake sanyaya injin nan, ba iskar gari ba, kuma aikin tamostat shi ne ya riƙe inji a zafin da mai zai ƙone sosai. In aka cire shi inji yana aiki da sanyi fiye da kima, ya tara baƙi, ya ƙara shan fetur. Injin da yake zafi kuwa, dalilin yana wani wuri: ko ciyawa da leda sun toshe ƙofar shan ruwa, ko yashi ya cinye robar famfo.

Wannan roba ita ce ake kashewa da hannu ba a sani ba. Direba ya ɗaga ƙafar inji sama, ya ja igiya "don a ji muryarsa", yana cewa ɗan lokaci ba ya komai. Yana komai. Ruwa ne yake sa robar santsi, in babu shi cikin daƙiƙu kaɗan take ƙonewa. Shaidar lafiyarta ita ce siririn ruwan da inji yake fesowa ta baya. In ya tsaya ko ya raunana, a kashe nan take. Haka zancen cewa sai masu aiki a teku ne ke buƙatar wanke cikin inji: gishiri ya fi cin ƙarfe, gaskiya ne, amma laka da yashin damina a Neja da Binuwai su ma ba sa raga wa famfo.

Inda mutanen mashigi suka yi gaskiya, a ba su. Jabun kayan gyara sun cika kasuwa, har da kwalin da ya yi kama da na kamfani. Gurɓataccen fetur ma ba zargi ba ne: a Fabrairun 2022 an shigo da fetur mai methanol fiye da ƙima Nijeriya, ya lalata motoci da dama, ballantana na 'yan bumburutu da ya kwana a jarka yana jan ruwa da datti. Tace fetur kafin zubawa yana hana kafireto toshewa. Kuma gaskiya ne injin da ke da tankin baƙin mai daban ya fi tattalin fetur, sai dai ya fi nauyi, kuma in aka kwantar da shi ta gefen da bai dace ba mai yana malalewa cikin silinda.

Man giya na ƙafar inji shi ne kowa yake mantawa, alhali duk bayan awa 100 ake so a canza. In ya fito fari-fari kamar madara, ruwa ya shiga, galibi saboda zaren kamun kifi ya naɗe bayan farfela ya yanke robar da ke tare ruwa. Injin da ya faɗa kogi kuma bai zama gawa ba, muddin a ranar aka cire fulogi, aka fitar da ruwan, aka zuba mai aka tayar da shi. Jinkiri ne yake kawo tsatsa.

Saura babbar magana, wai sabon inji mai ƙarfi shi ne kariya daga hatsari. A hatsarin Wara ta jihar Kebbi a Mayun 2021, da na Bagwai a Kano a Nuwamban shekarar, lodin da ya wuce ƙima aka fi ɗora wa laifi, na Patigi a Yunin 2023 kuwa da dare jirgin ya daki kututture. Babu injin da zai hana irin wannan. Shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya. Mai karatu, kafin ka zauna a jirgi ka duba ko inji yana feso ruwa, ka duba ko akwai filafili a ciki, in ka ga bakin jirgi ya kusa shafar ruwa ka sauka ka jira na gaba.