Zauren Gidan Intanet: Yadda Ake Saita Rauta

Wata shekara, ana dab da ƙarshen zangon karatu, lokacin da ɗaliban ajin ƙarshe suke ta fafutukar kammala kundayen bincikensu, sashenmu ya sayi sabuwar rauta domin ɗakin gwaje-gwaje. Rauta dai ita ce 'yar akwatin nan mai ƙahonni da fitilu masu ƙyaftawa, wadda take karɓar layin intanet guda ɗaya ta rarraba shi ga kwamfutoci da wayoyi masu yawa. Aka jona ta, fitilu suka kama, kowace waya ta nuna alamar Wi-Fi a cike, amma ko shafi ɗaya ya ƙi buɗewa. A cikin ɗaliban akwai wadda take bukatar ta kwatanta jerin ƙwayoyin gadon wani sauro da waɗanda aka adana a GenBank, wato babban rumbun nan na Amurka, ga shi kuma saura mako guda ta miƙa aikinta. Kwana uku muka shafe muna ɗora wa kamfanin da ke ba mu layi laifi. Sai a rana ta huɗu muka gano cewa lamba ɗaya tak ce ta tsare mu, kuma a cikin ɗakinmu take. Zan faɗi lambar nan gaba, amma mai karatu ba zai ga ma'anarta ba sai mun fara da ginin ita kanta na'urar.

Ƙofofi biyu

Duk wanda ya san gidan Bahaushe ya riga ya san rabin aikin rauta. Zaure yana da ƙofa biyu: ɗaya tana kallon titi, ɗaya kuma tana kallon cikin gida. Haka rauta take. Idan ka juya bayanta za ka ga kafofin da ake soka waya, ɗaya daga cikinsu launinta daban, an rubuta WAN a kanta. Wannan ita ce ƙofar titi, nan ake soka wayar da ta fito daga kamfani. Sauran kafofin da aka rubuta wa LAN, tare da Wi-Fi, su ne ƙofar cikin gida. Saboda haka alamar Wi-Fi da ta cika a wayarka abin da take gaya maka kawai shi ne ka iso zaure daga cikin gida. Ba ta ce komai ba game da ko ƙofar titi a buɗe take ko a garƙame. Wannan ruɗani shi ne tushen mafi yawan ƙorafin da nake ji, kuma ni kaina na faɗa cikinsa.

Mu masu nazarin halittu abin yana tuna mana da tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta, wanda yake raba ciki da waje, yake kuma zaɓar abin da zai shiga da wanda zai fita. To, amma tantani ya zo da iliminsa tun daga halitta, ita kuwa rauta sai an gaya mata.

Abu na farko da ake gaya mata shi ne adireshi. Kowace na'ura da ke kan intanet tana da lamba da ake kira adireshin IP. A tsarin da aka fi sani, mai suna IPv4, lambobi ne huɗu da aka raba da ɗigo, kowace daga 0 zuwa 255. Idan aka yi lissafi, jimlar adiresoshin da za a iya samu ita ce 4,294,967,296. Lokacin da hanyar sadarwa ta ARPANET ta koma kan wannan tsari ranar 1 ga Janairu 1983, adadin ya yi kama da abin da ba zai ƙare ba. Amma a watan Fabrairu 2011 hukumar IANA ta raba ragowar abin da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar na duniya, ciki har da AFRINIC mai kula da Afirka. An ƙirƙiro sabon tsari, IPv6, mai adiresoshin da yawansu ya wuce misali, sai dai har yanzu tsohon yana nan yana aiki kafaɗa da kafaɗa da shi.

Dabarar da ta tsawaita ran tsohon tsarin ita ce keɓe wasu lambobi domin amfanin cikin gida kawai, kamar yadda aka tsara a 1996: duk waɗanda suka fara da 10, da waɗanda suka fara da 172.16 zuwa 172.31, da kuma waɗanda suka fara da 192.168. Gida dubu za su iya amfani da 192.168.1.5 a lokaci guda ba tare da rikici ba, domin lambar ba ta fita titi. Kamfani yana ba rauta adireshi ɗaya na waje, ita kuma ta rarraba na cikin gida ga mutanenta. Idan waya ta aika da saƙo, rauta takan cire adireshin cikin gida ta maƙala nata, ta rubuta a littafinta wane ne ya aika, in amsa ta dawo ta miƙa wa mai ita. Waɗanda suka yi zamani da akwatin gidan waya, inda unguwa guda take karɓar wasiƙu ta akwatin mutum ɗaya, ba za su sha wahalar gane wannan ba. Sunan dabarar NAT.

Shiga ɗakin saiti

Ana saita rauta ne ta wani shafi da ke zaune a cikinta, don haka ba a bukatar intanet kafin a buɗe shi. Ka haɗa kwamfuta ko waya da ita, ka buɗe manhajar da kake shiga intanet da ita, irin su Chrome ko Firefox, ka rubuta adireshin rautar a wurin da ake rubuta sunan shafi. Galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, masu amfani da layin waya kuma da yawansu 192.168.8.1. Ba sai ka yi canke ba. Ɗaga akwatin ka duba takardar da aka liƙa a ƙarƙashinsa, nan aka rubuta adireshin da sunan shiga da kalmar sirri. Da ka shiga, nemi sashen da aka rubuta WAN ko Internet.

A nan za a tambaye ka irin haɗin da kake da shi, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Amsarta ba a kanka take ba, tana wurin kamfanin da ya ba ka layi, domin shi ya san yadda ya shirya tasa ƙofar.

Mafi sauƙi shi ne DHCP, wanda wasu na'urori suke rubutawa Dynamic IP. A wannan tsari, wanda ya fito a 1993, rauta takan yi sallama ne kurum, kamfani ya ara mata adireshi na wani ƙayyadadden lokaci, in ya kusa cika ta nemi a sabunta. Ba ka rubuta komai.

Na biyu shi ne PPPoE, wanda aka bayyana ƙa'idojinsa a 1999, kuma kamfanoni da dama masu jawo waya har gida suna amfani da shi. A nan kamfani yana ba ka sunan shiga da kalmar sirri, rauta kuma sai ta gabatar da su kafin a buɗe mata. Ina jan hankalin mai karatu: wannan kalmar sirri daban take da ta Wi-Fi, daban kuma da ta shiga shafin saiti. Kalmomi uku ke nan, kowace da ƙofarta. Haka kuma babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurin na'ura, kuma sifili da harafin O sun sha kunyata masu digiri.

Na uku shi ne tsayayyen adireshi, wato Static IP, wanda aka fi ba makarantu da ofisoshi. Kamfani zai ba ka takarda mai ɗauke da abubuwa huɗu da za ka kwafa da hannunka: adireshin kansa, da lambar da ke nuna iyakar unguwa, wadda sau da yawa take kama da 255.255.255.0, da adireshin mafita, wato na'urar kamfani da rautarka za ta riƙa miƙa wa duk saƙon da ba na gida ba, sai kuma adireshin DNS. Kuskuren lamba ɗaya a mafita ya isa ya sa saƙonninka su yi ta tsayuwa a bakin ƙofar da babu kowa.

A ƙasarmu kuwa, inda jama'a da yawa suke samun intanet ta layin wayar salula, akwai rautar da ake sa wa sim. Ita abin da take bukata shi ne APN, wato sunan mashigar da kamfanin waya ya tanada. Yawanci takan karanto shi da kanta daga sim ɗin. Matsala takan taso ne idan an canza sim zuwa na wani kamfani, tsohon suna ya maƙale. Sai a tambayi sabon kamfanin nasa sunan a rubuta.

Littafin sunaye

DNS ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Na'urori lambobi suka sani, mutane kuwa sunaye suke riƙewa. A 1983 Paul Mockapetris ya tsara hanyar da za a riƙa juya suna zuwa lamba, kamar littafin lambobin tarho na da. Duk sa'ad da ka rubuta sunan shafi, sai an fara tambayar wata na'ura lambarsa kafin a tafi. Idan wannan na'ura ta kwanta, layinka lafiya lau yake amma kai a ganinka intanet ta mutu. Gwajin yana da sauƙi: a kwamfuta, ba da umarnin ping 8.8.8.8. In amsa ta dawo alhali sunaye ba sa buɗewa, to hanya a buɗe take, littafin sunaye ne ya ɓace. Ana iya maye gurbin na kamfani da na Google, 8.8.8.8, wanda aka buɗe wa jama'a a 2009, ko na Cloudflare, 1.1.1.1, na 2018. Na sha jin samari suna cewa canza DNS yana ƙara gudun intanet. A ganina an zuzuta abin. Zai iya rage 'yar jiran da ake yi kafin shafi ya soma buɗewa, amma faɗin bututun da ka biya kuɗinsa yana nan yadda yake. Kuma a tuna, duk wanda ka zaɓa ya riƙe maka littafin, yana ganin sunayen wuraren da kake tambaya.

Akwai kuma wata lamba mai suna MTU, wato iyakar girman ƙunshin bayani guda. A bisa al'ada 1500 ce, amma a PPPoE 1492, domin shi yana cinye takwas wajen nasa rubutun. In ka ga wasu shafuka suna buɗewa wasu suna tsayawa a rabi, duba ta. In ba haka ba, ƙyale ta.

Yanzu sai mu koma ɗakin gwaje-gwajenmu. Akwatin da kamfani ya girka mana shi ma rauta ne, kuma adireshinsa na cikin gida 192.168.1.1. Sabuwar da muka jona a bayansa ita ma da 192.168.1.1 ta zo daga masana'anta. Sai ya zamana ta leƙa ƙofar titi ta ga unguwar 192.168.1, ta waiwaya cikin gida ta ga unguwar 192.168.1, ta rasa ta wace ƙofa za ta fitar da saƙo. Muka mayar da nata na cikin gida 192.168.2.1, muka kashe ta muka kunna. Kafin la'asar ɗalibar ta sauko da abin da take nema. Wasu sababbin rautoci suna gane irin wannan karo su gyara da kansu. Tamu ba ta cikinsu.

Kulle zaure

Da zarar intanet ta kawo, yawancin mutane sai su rufe shafin saiti, ba za su sake waiwayarsa ba. Nan ne haɗarin yake. Na'urori da yawa sun fito da sunan shiga admin da kalmar sirri admin, abin da duk duniya ta sani. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta yi ta yawo a intanet tana gwada irin waɗannan kalmomi kimanin sittin a kan kyamarori da rautoci, ta mallake dubun dubatarsu. Ranar 21 ga Oktoba na shekarar aka tura su suka yi wa kamfanin Dyn, mai aikin DNS, rubdugu, har manyan shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari jama'a da dama a Amurka da Turai. Masu na'urorin ba su ma san an yi yaƙi da kayansu ba. Abin da ya fi wannan kusa da aljihun mai karatu shi ne, wanda ya shiga shafin saitinka zai iya canza DNS, ta yadda in ka rubuta sunan bankinka za a kai ka shafin bogi mai kama da shi.

Saboda haka wajibi ne a canza kalmar sirrin shafin saiti tun ranar farko. A wajen Wi-Fi a zaɓi WPA2 ko WPA3. Tsohon tsarin WEP tun 2001 masana suka nuna yadda ake fasa shi. A kashe damar sarrafa rauta daga waje in ba a bukatarta. A kuma riƙa sabunta manhajar da ke cikinta, amma ban da lokacin da ake tsoron ɗauke wuta, domin in wuta ta tafi ana tsakiyar aikin, akwatin na iya zama abin tokare ƙofa.

Idan layi ya yanke, a bi shi daga ciki zuwa waje. Duba adireshin kwamfutarka: in ya fara da 169.254, ba ta sami komai daga rauta ba, matsalar tana cikin gida. In shafin saiti yana buɗewa amma sashen WAN yana nuna 0.0.0.0, matsalar tana tsakanin rauta da kamfani. Kada a yi garajen danna ɗan maɓallin nan da ke ɓoye a rami a bayanta, domin riƙe shi na daƙiƙa goma yakan share duk abin da aka saita, har da sunan shiga na PPPoE; wanda bai rubuta nasa a takarda ba sai ya koma layi a ofishin kamfani. Wani lokaci kuma lamarin ya fi ƙarfin zaure da titin unguwa baki ɗaya. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyi huɗu da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, wato MainOne da WACS da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ta yi rauni a Nijeriya da Gana da maƙwabtansu, bankuna suka shiga tasku, kuma sai da jiragen ruwa na musamman suka shafe makonni kafin a kammala gyara.