YADDA AKE CIKA KWALBAR FURE DON ADON BIKI BA TARE DA ƁATA ƊAKI BA

Gabatarwa

Da zarar Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato, za ka ga mata da 'yanmata sun duƙufa wajen gyaran ɗaki: a wanke labule, a goge kujeru, a fito da kwalabe da tukwanen fure a jera a kan tebur. Sai dai sau da yawa kwalliyar ba ta biyan kuɗin sabulu. Yashi ya zube a kan kafet, ruwa ya ɓata shimfiɗar tebur, bayan kwana uku kuma ɗaki ya ɗauki wari. A wannan ɗan rubutu ina so in nuna wa mai karatu dabara guda: a cika kwalba da busasshen abu, ruwa kuma a killace shi a ƙaramin mazubi a ciki.

Me ya sa ruwa ne matsalar?

Ganyen da ya nutse cikin ruwa ruɓewa yake yi, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, su toshe hanyoyin da karan fure ke shan ruwa. Shi ya sa furen ke yaushi, ruwan kuma ya yi wari. Abin da ya fi wannan muni shi ne sauro. Sauron da ake kira Aedes aegypti, mai yaɗa zazzaɓin shawara da na dengi, ya fi son ruwa mai tsabta da ke zaune cikin mazubi a gida. Daga ƙwai zuwa cikakken sauro kwana 7 zuwa 10 ne kawai. Ƙwansa kuma yana mannewa a jikin mazubi, ya jure bushewa har tsawon watanni. Ke nan kwalbar da aka manta da ita bayan biki ta zama gidan haihuwar sauro.

Abubuwan da za a zuba

A ganina waɗanda suka fi dacewa su ne yashi, tsakuwa, wuri, duwatsun ado, ƙwallon dabino da 'ya'yan tsamiya. A tankaɗe yashi da rariya, a wanke sauran, a shanya su bushe sarai, domin danshi kaɗan kan jawo fumfuna. Ban ba da shawarar shinkafa, wake ko gero ba. Suna kiran ƙwari da ɓera, ga kuma asarar abinci.

Akwai abu biyu da nake jan kunne a kansu. Na farko, ƙananan ƙwallayen roba masu launi da ke kumbura idan an jiƙa su. Yaro na ganinsu zai ɗauka alawa ce, idan ya haɗiya kuwa suna ci gaba da kumbura a ciki har su toshe hanji. Na biyu, koren soson nan da masu sayar da fure ke soka kara a ciki, wanda aka ƙirƙiro a Amurka a 1954. Roba ce da ke marmashewa ta ɓata tebur, ba ta kuma ruɓewa. Saboda haka ne ƙungiyar masu lambu ta Ingila ta hana amfani da shi a wuraren baje kolin furanninta tun daga 2021.

Matakan cikawa

1. A ɗora kwalbar a kan faranti mai faɗi ko tsohuwar jarida, don abin da ya zube a tattara shi nan take.
2. A yanke saman gorar ruwa a kifa shi a bakin kwalba, ya zama mazurari.
3. Idan ɗanyen fure za a sa, a tsayar da ƙaramar kwalba ko kofi a tsakiyar babbar, a rufe bakinta da leda, a zuba yashi ko tsakuwa a gefe-gefe har ta ɓoye. Sannan a cire ledar a zuba ruwa a ƙaramar kaɗai.
4. A gitta salatif a bakin kwalba kamar raga, a soka kowane kara a raminsa don kada ya kwanta.
5. A yanke gindin kara a karkace, a cire duk ganyen da zai taɓa ruwa.

Don fure ya daɗe, a cikin lita 1 ta ruwa a zuba sukari babban cokali 1, ruwan lemon tsami babban cokali 2, da bilic rabin ƙaramin cokali. A sauya ruwan duk bayan kwana 2, a kuma goge cikin mazubin da soso. Kada a ajiye fure kusa da ayaba ko mangwaro masu nuna, domin iskar da suke fitarwa tana saurin tsufar da shi.

Wanda ba ya son wahalar ruwa sam, sai ya soka zangarniyar gero, busasshiyar ciyawa ko furen roba cikin yashi. Wannan ya fi dacewa da Kirsimeti, lokacin hunturu, domin kakkaɓe ƙura kawai yake buƙata. A dai nisanta shi da kyandir da kaskon turaren wuta.

Kammalawa

Idan biki ya wuce, a juye yashi da tsakuwa ta mazurari zuwa cikin leda, a ɗaure, a ajiye don baɗi. Kwalbar kuma a wanke ta da sabulu a kife. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, adon da zai bar mana sauro a ɗaki kuwa gara rashinsa.