Ciwon baya: Yadda yake raba tsofaffi da sahun sallah da zumunci

Duk mai zuwa jam'i ya san kujerun roba da ake jerawa a ƙarshen sahu. Da yawa daga cikin dattawan da ke zama a kansu ba ƙafa ce ta gaza ba, ƙugu ne ya ƙi lanƙwasuwa.

Addini ya yi sauƙi a nan, domin hadisin Imrana bin Husaini da ke cikin Bukhari ya halatta wa marar lafiya yin sallah a zaune. Amma mutumin da ya shekara hamsin yana kai goshinsa ƙasa, ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa ranar da ya fara sujada da nuni.

A gida abin ya fi tsanani. Tsugunno a banɗaki, sunkuyawa wajen alwala, tashi daga tabarma, duk sai an yi shiri. Tsohuwar da ta saba shara da gajeriyar tsintsiya ko goya jika sai ta koma kallo. Hawa babur ko Keke Napep a hanya mai ramuka kan sa a haƙura da zuwa suna da gaisuwar mutuwa, har a fara cewa Baba ya daina zumunci. Da dare kuma barci ya gagara.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a shekarar 2020, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 nan da 2050. Ya fi yawa ga mata. Idan ya wuce wata uku, likitoci na ɗaukar sa a matsayin ciwo mai daɗewa.

A wurinmu, da an ce baya sai a ce basir ne ko sanyi, a nufi mai tallar magani. Wasu kuma su dawwama a kan diclofenac ko ibuprofen daga kemis, alhali yawan shan su na iya jawo gyambon ciki da lalata ƙoda, musamman ga mai hawan jini.

Akwai kuma kuskuren da tausayi ke jawowa. 'Ya'ya kan hana tsoho taɓa komai, su ce ya kwanta ya huta. Doguwar kwanciya kuwa raunana tsokar da ke riƙe da baya take yi, ciwon ya ƙaru. A ƙa'idojin da ta fitar a Disambar 2023, WHO ta ba da shawarar motsa jiki bisa tsari da wayar wa marar lafiya kai, ta kuma ce a guji ɗamarar ɗaure ƙugu da magunguna dangin tramadol. Ko tattaki zuwa masallacin unguwa motsi ne.

Sai dai akwai alamomin da ba a jira da su: ƙafa ta riƙa mutuwa ko ta yi rauni, fitsari ko bayan gida ya ƙwace, rama babu dalili, zazzaɓi, ko ciwon da ya biyo bayan faɗuwa. Tarin fuka na iya kama ƙashin baya, haka ma sankarar mafitsara ta maza kan bazu zuwa can. Irin wannan sai asibiti, a ɗauki hoto, idan ta kama a tura mutum wurin ƙwararru kamar na Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano.