Gajiyar Mai Ciwon Ƙoda da Maganin Zaman Hira

Mai ciwon ƙoda, in ka tambaye shi ya jiki, "da sauƙi" zai ce maka. Tarbiyyarmu ke nan, kuma ba laifi ba ne. Amma mu ma'aikatan jinya da ke ɗakin wankin ƙoda mun san abin da amsar take rufewa. Mutum ya yi barcin dare cikakke ya wayi gari jikinsa a mace. Wanka ya zama aiki, zuwa masallacin ƙofar gida ya zama aiki, hira da jikoki ma sai ya yi ta kallon agogo. Ranar wanki kuwa, bayan awa huɗu a jikin inji, wasu sai washegari suke dawowa hayyacinsu, jibi kuma ga wani wankin ya zo. Fiye da rabin masu wankin ƙoda suna fama da wannan gajiya, wadda kwanciya ba ta kore ta.

An daɗe likitoci ba su ba ta muhimmanci ba, domin ba ta fitowa a takardar gwajin jini. Sai da wasu masana ƙarƙashin jagorancin jami'ar Sydney ta Ostireliya suka kafa wani shiri mai suna SONG, suka tambayi marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci a ƙasashe da dama: me ya kamata duk wani bincike kan wankin ƙoda ya auna? Abu huɗu suka fito: mutuwa, ciwon zuciya, lafiyar jijiyar da ake haɗa inji da ita, da gajiya. Marasa lafiyar ne suka dage a kan ta huɗun.

Kafin a zo batun hira, a san cewa wannan gajiya daga jiki take farawa, ba ragwanci ba ne, ba kuma raki ba. Ƙoda mai lafiya tana fitar da wani sinadari da ke umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. In ta lalace sinadarin ya ragu, jini ya yi ƙasa, iskar da ke isa ga tsoka da ƙwaƙwalwa ta ragu. Ga dattin da ƙoda ta kasa tacewa yana yawo a jini, ga rashin cin abinci, ga tsoka tana zubewa, ga ƙaiƙayi da motsin ƙafa da ke hana barci. In an janye ruwa da yawa cikin gaggawa lokacin wanki, bugun jini ya faɗi, mutum ya sauka daga inji jiri na ɗibarsa. Duk wannan aikin likita ne: allurar ƙara jini, sinadarin ƙarfe, gyaran yawan ruwan da ake cirewa, duba magungunan da mutum ke sha. Babu hirar da za ta maye gurbinsu.

Sai dai sau da yawa a gyara jini, takarda ta yi kyau, gajiya kuma tana nan daram. Akwai wani tela da ya daɗe yana zuwa wurinmu. Ranar da ya tashi da ɗan ƙarfi sai ya hau keke tun hantsi har bayan isha'i, don ya biya bashin ɗinkin mutane. Washegari ba ya iya ɗaga kai, jibi ma haka. Da abin ya maimaitu sai tsoro ya kama shi, ya yanke cewa duk wani motsi cutar da shi yake yi. Ya rufe shago ya koma kan tabarma. Uwargidansa, cikin ƙauna, ko buta ba ta bari ya ɗauka. 'Yan dubiya kowa ya shigo sai "kwanta, Malam, huta." Ya yi barcin rana awa uku, dare ya yi ido biyu yana lissafin kuɗin wanki. Tsokar da ba ta aiki ta ƙara saki, tafiyar da ba ta dame shi da can ba ta fara sa shi haki, hakin kuma ya tabbatar masa da abin da yake tsoro.

Wannan zagayen ne maganin zaman hira yake ƙoƙarin tsinkewa. Likitoci suna kiransa CBT a taƙaice, wato gyaran tunani da ɗabi'a. Aaron Beck, likitan ƙwaƙwalwa a jami'ar Pennsylvania ta Amurka, shi ya assasa shi a shekarun 1960 don masu ciwon damuwa, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa rashin barci, ciwo mai naci da gajiyar cututtuka masu daɗewa. Kada mai karatu ya ɗauka nasiha ce irin ta "ka yi haƙuri". Haƙuri da addu'a suna da gurbinsu, kuma mutanenmu ba su rasa masu tuna musu da su ba. Wannan horo ne mai tsari, na makonni ƙididdigaggu, da aikin gida.

Farko ana sa mutum ya riƙa rubuta yininsa, ko wani ya rubuta masa: yaushe ya kwanta, yaushe ya tashi, me ya yi, ya ƙarfin jikinsa yake daga ɗaya zuwa goma. Cikin mako biyu shi da kansa zai ga inda ƙarfinsa ke tafiya. Daga nan a koya masa ya riƙe ƙarfinsa yadda uwar gida mai dabara ke riƙe kuɗin cefane, ba ta ƙarar da na mako a rana guda don yau an samu, ba ta kuma hana gida abinci don tsoron gobe. Tela ya yi awa ɗaya a keke, ya huta kafin ya gaji, ya sake ɗaya. Aiki mai nauyi a ajiye shi sai ranar da babu wanki. Tafiya ta fara daga minti biyar, a ƙara kaɗan-kaɗan, ko ranar ta yi daɗi ko ba ta yi ba. Barcin rana a taƙaita shi, lokacin tashi da safe ya zama ɗaya kullum.

Sashen da ya fi wuya shi ne na tunani. "Na gama amfani." "Na zame wa 'ya'yana nauyi." "In na motsa ƙodar za ta ƙarasa." Mai ba da horon ba ya musu da mara lafiya, tambaya yake yi. Wace shaida ke gare ka? Ranar da ka taka zuwa bakin titi, me ya faru? Da ƙaninka ne a wannan hali, haka za ka ce masa ya gama amfani? Sannan a gwada abin a aikace, a dawo mako mai zuwa a duba sakamako. Na ga magidanta da suka fi jin nauyin wannan zama fiye da allurar wanki mai kaurin nan, domin namiji a wurinmu bai saba faɗin tsoronsa da baki ba.

To, yana aiki? Bincike mafi ƙarfi da aka yi shi ne wanda Dakta Manisha Jhamb ta jami'ar Pittsburgh ta jagoranta tare da abokan aikinta na jihar New Mexico, aka wallafa a mujallar JAMA Internal Medicine a 2023. Masu wankin ƙoda 160 aka raba gida biyu. Rukuni ɗaya ya samu zama 12, sau ɗaya a mako, ta bidiyo, wasu suna kan injin wanki wasu a gida, tare da magani ga wanda ya buƙata. Ɗaya rukunin darasin kiwon lafiya kawai aka ba shi. Bayan wata uku rukunin farko ya fi samun sauƙin gajiya da ciwon jiki, kuma sauƙin yana nan a wata na shida. Ba warkewa ba ce, ragi ne matsakaici. A gefe guda, wani binciken Amurka da Dakta Rajnish Mehrotra ya jagoranta, aka wallafa a 2024, ya gwada gajeren horon hira don rashin barcin masu wanki, bai ga ya fi ƙwayar bogi ba. Don haka duk wanda ya ce maka hira tana maganin komai, ya wuce gona da iri.

Akwai kuma abin da nake so a riƙe. Mutanen binciken Pittsburgh suna samun wanki sau uku a mako. A nan Arewa, inda ciwon ƙoda ya addabi garuruwa irin su Gashuwa da Haɗejiya, da yawa sai an sayar da akuya ko an yi karo-karo a dangi kafin a zo sau ɗaya. Gajiyar wanda datti ya taru a jininsa kwana goma, wanki take buƙata. Zalunci ne a zaunar da shi ana gyara masa tunani.

Ga wanda yake samun wankinsa kuwa, ko wanda ciwonsa bai kai ga wanki ba, matsalar ita ce wa zai ba da horon, tunda masana halayyar ɗan Adam a asibitocinmu ba su da yawa. A Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata suna zama da masu damuwa a kan benci a harabar asibiti, kuma binciken da aka wallafa a 2016 ya nuna abin ya yi tasiri. Ba don ƙoda aka yi shi ba, amma ya nuna ba dole sai babban likita ba. Mara lafiya yana kwance gabanmu awa huɗu, nas da aka horar za ta iya ware masa rabin awa. A ganina a sa uwargida ko babban ɗa a zaman, domin su ke hana shi ɗaukar buta.

Kafin a kai ga haka, mai ciwon ƙoda ya nisanci haɗin "maganin gajiya" da ake ƙullawa a kemis. Galibi akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, waɗanda ke ƙarasa ɗan abin da ya rage na ƙoda, su kuma jawo zubar jini a ciki. Gajiyar da ta sauko farat ɗaya tare da haki, ciwon ƙirji, zazzaɓi, baƙin bayan gida ko ruɗewa, ba a jira ranar wanki, a kai shi asibiti a ranar.