Marga Ce Furen Bazarar Ƙasar Kazaure

A Ingila, da zarar hunturu ya wuce, masu lambu sukan yi alfahari da fositiya, wani tsiro mai fitar da fure rawaya tun kafin ganye. Sai dai ba ya fure sai ya sha tsananin sanyi, saboda haka ba zai yi albarka a 'Yankwashi, Roni ko Gwiwa ba.

Alhali ga marga a dawa, wadda ke zubo furanni rawaya da bazara, kafin saukar damina. Akan jiƙa irinta cikin ruwan zafi ya kwana, a rene shi a leda, a dasa idan ruwa ya zauna, a kange daga awaki.

Ya kamata makarantu da ofisoshi su dasa ta, tun masu saran itace ba su ƙarar da ita ba.